Jinyar Mara Lafiya da Tsare Kai Daga Cuta

A watan Janairu na shekarar 1969 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a asibitin mishan na garin Lassa. A lokacin nan Lassa da Yola duk suna cikin Jihar Arewa maso Gabas. Yanzu kuwa Lassa tana Jihar Borno, kusa da iyakar Adamawa. Da ciwo ya ƙi jin magani, aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, tana da ɗan rauni a yatsa sa'ad da take goge mata baki. Ba a daɗe ba ita ma ta kwanta, ta cika. Ta uku, Lily Pinneo, ta kamu, aka kai ta Amurka, Allah ya yi da sauran kwananta. A shekarar 1970 kuma likita Jeanette Troup ta yanke a hannu wajen binciken gawa a Jos, ciwon nan ya yi ajalinta. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa.

Mu lura, dukan matan nan huɗu masu ilmin asibiti ne. To, ina ga uwar gida a Damilu ko Jambutu cikin Jimeta, wadda take kwana gefen gadon mijinta, tana wanke masa tufafi, tana kwashe amansa? A ƙasarmu dangi su ne rabin masu jinya, a gida ko a asibiti. Saboda haka wannan darasi na kowa ne.

Yadda cuta ke ratsawa

Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna fita daga jikin majinyaci cikin jini, da amai, da bayan gida, da fitsari, da majina, da ruwan miki. Suna shiga jikin mai lafiya ta baki, ko hanci, ko ido, ko wani rauni komai ƙanƙantarsa. Abin da ya fi ɗaukarsu daga wannan zuwa wancan shi ne hannu. Tun a shekarar 1847 wani likita, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa a birnin Biyana wanke hannu da ruwan kulorin, sai mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai cikin 'yan watanni.

Ka'idodi shida na mai jinya

1. Wanke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokatai 5: kafin a taɓa majinyaci, kafin aikin da ke son tsabta, kamar ɗaurin miki, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa gadonsa ko kayansa. A cuɗa da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 40 zuwa 60. Wani ya zuba ruwa da buta; kada a tsoma hannu cikin ƙwarya guda.

2. Rufe rauni. Wanda ke da yanka a hannu ya rufe shi da filasta, ya sa safar hannu kafin ya taɓa ruwan jiki. Safar da aka yi aiki da ita ba a kai ta jikin wani, kuma bayan an cire ta tilas a sake wanke hannu.

3. Allura ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya. Kada a mayar mata da murfi, a jefa ta cikin akwatin da aka tanada. Haka reza da askar wanzami, gama ta nan ne ciwon hanta da ƙanjamau ke samun hanya.

4. Keɓe kaya. Majinyaci ya kasance da nasa kofi, da cokali, da tawul. A jiƙa zanen gadon da ya ɓaci cikin ruwan bilic, sa'an nan a wanke, a shanya a rana.

5. Iska da haske. A buɗe tagogi. Mai tari ya rufe bakinsa da hanci, musamman in ana zaton tarin fuka.

6. Rage masu dubiya. Gaishe da mara lafiya zumunci ne, amma ɗaki ya cika maƙil da yara da tsofaffi haɗari ne. Mutum ɗaya ko biyu su riƙe jinyar, sauran su gaisa daga ƙofa.

Sa'ad da za a garzaya asibiti

Zazzaɓin Lassa daga wani irin ɓera yake fitowa, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma yakan ɓoye a jiki har kwana 21 kafin ya bayyana. Ya fi yawa da rani. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, ga ciwon maƙogwaro, ko aka ga jini daga hanci ko dasashi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai mutum asibiti, a faɗa wa ma'aikata gaskiyar yadda abin ya faro. In ya rasu, kada a yi gaggawar wanka sai jami'an lafiya sun nuna yadda za a yi.

Waɗannan ka'idodi sun riga sun ceci ƙasar nan. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, aka keɓe shi, aka bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da shi. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da ita likitar. Ran 20 ga Oktoba na shekarar aka sanar cewa cutar ta ƙare a Nijeriya.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A ajiye sabulu da buta kusa da gadon kowane majinyaci, a kuma koya wa yara amfani da su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu jinyarsu, amin.