Gidan Wasan Ƙasa na Iganmu

Wani mai sauraro daga Bici ya tambayi tarihin babban gidan wasan kwaikwayon Najeriya.

To malam, yana unguwar Iganmu a Legas. Gwamnatin Janar Gowon ce ta fara aikin, aka kammala a 1976 zamanin Obasanjo, domin bikin al'adun baƙaƙen fata na FESTAC a 1977. Kamfanin ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi, ya kwaikwayi wani zaure na birnin Varna da ke can. Daga nesa kamar hular hafsan soja yake, kuma an gina babban zaurensa don ɗaukar mutum 5,000.

Abin takaici, an bar shi ya lalace shekaru da dama kafin bankuna su gyara shi. A 2024 aka sa masa sunan marubuci Wole Soyinka.