Darasi: Littafin Inji da Abin da Ya Ke Faɗa Mana



Duk mazaunin Palladan ya saba da ƙarar ƙananan jiragen sama na makarantar koyon tuƙin jirgi, wadda aka kafa a nan Zariya a 1964. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne kowane jirgi yana da littafinsa, injinsa kuma da nasa dabam. A ciki a ke rubuta awa nawa ya yi a sama, da abin da matuƙi ya ji ba daidai ba, da abin da aka gyara. In awoyinsa sun cika sai a tsai da shi a duba, ko da lafiyarsa lau. Ba ya sake tashi sai injiniya ya sa hannu.

To, mu ba mu da jirgi. Amma ƙungiyoyinmu suna da injin ban ruwa a fadamar Galma, da injin niƙa, da famfon feshi. Kuɗin gwauraye da na masu ƙaramin ƙarfi ne aka tara aka saya, mu kuwa wakilai ne a kansu.

Littafin makaranta mai arha ya isa. A ja layi biyar: kwanan wata, awoyin aiki, man da ya sha, abin da ya lalace ko aka sake, da kuɗin da aka kashe. Mai kula da inji ya cika shi kowace yamma. In bai iya rubutu ba, ɗansa na firamare ya iya.

Ga amfanin awoyi. Takardar da ke zuwa da ƙaramin injin Honda ta ce a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma kowace awa 100. Injin da ke aikin awa 6 a rana zai cika awa 100 cikin kwana 17. Wa zai riƙe wannan da ka? Shi ya sa wasu ke juye mai sau ɗaya tak a rani, su ce ai injin sabo ne. Matatar iska kuwa, da ƙurar hunturu, kada a jira lokacinta, a riƙa dubawa.

Amma rubutu kaɗai ba ya gyara kome. Dole magatakarda ya karanta littafin a taron wata, a yanke shawara a kansa. Na taɓa zama a taron wata ƙungiya inda aka tashi za a kori yaron da ke niƙa, wai sakacinsa ke tsinka bel. Muka buɗe littafi. Bel ɗin farko ya yi wata bakwai. Tun ranar da aka matsar da injin zuwa sabon ɗaki, ba wanda ya kai mako uku. Makaniki ya zo ya ja zare, ya tarar fuli biyun ba su saitu ba. Yaron yana nan a bakin aikinsa. Da ba littafin, da mun ɗauki alhakinsa, bel kuma ya ci gaba da tsinkewa.

Haka nan in kun ga baƙin man da inji ke sha yana ƙaruwa wata bayan wata, ga hayaƙi, yawanci ringi ne ya ci. Ku shirya gyaransa da damina, lokacin da injin ban ruwa ke hutawa, ku nemi kayan a Sabon Gari a natse. Wanda ya bari sai Fabrairu, tumatir na fure, zai saya da tsada, kwana uku babu ruwa kuwa ya isa furen ya zube.

A ƙarshen shekara ma'aji ya tara kuɗin mai da na gyara, ya raba da yawan tiyar da aka niƙa. Nan za ku ga ko kuɗin niƙa yana biyan kansa, ko kuwa lokacin sai da tsohon inji ya yi.

Kowace ƙungiya ta zo da littafinta taro na gaba, ko shafi ɗaya aka cika, mu duba tare.