Tartsatsin Hunturu da Hannun Ɗan Na-Iya

Wani yaro ɗan Turba ya shigo shagona cikin tsakiyar hunturun nan, ɗauke da kibod a naɗe cikin baƙar leda. Tun daga ledar raina ya fara ɓaci. Yaron yana da ɗan shago a Isa, yana buga wa malamai tambayoyin jarrabawa, yana buga wasiƙu da takardun neman aiki. Waken da ya noma bara ya sayar, ya aika aka sayo masa mekanikal kibod daga Kano, mai jikin ƙarfe, don na roba sun gaji da yatsunsa.

Na ce masa, "Ƙanena, mi ya same shi?"

Ya ce, "Wallahi maigida, taɓa shi kawai na yi. Na ji ƙyas a ɗan yatsa, fitilunsa suka ɗauke."

Na tambaye shi yadda shagon yake. Ƙasa shimfiɗe da ledar tsakar ɗaki, kujera ta roba, shi kuma sanye da rigar sanyi ta roba a kan yadin roba. Kwamfutar tana kan inbata, inbatar ba ta da wayar ƙasa. Ya ce tun Disamba yake jin wannan tartsatsin duk ya zauna, wani lokaci kibod ɗin ya ɗauke ya dawo, ya ɗauka sanyi ne. Kusan wata biyu abu yana yi masa gargaɗi bai kula ba.

A hunturu irin namu na Gobir, laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A wannan bushewar, tashi daga kujerar roba kaɗai yana tara wa mutum dubban bolt a jiki. Mutum ba ya jin tartsatsin sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali akwai ayisin (IC) da ƙasa da bolt 100 ke huda shi. Wanda ka ji babba ne. Waɗanda ba ka ji ba sun daɗe suna cin fanel.

Duk da haka, da nan ya fara kawo shi da bai yi asara ba. Da na buɗe na sa mita, dayod ɗin kariya na bakin USB ne ya yi shot. Aikinsa ke nan, ya mutu ya ceci ayisi. A cire shi a sa wani, kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba.

Amma kafin ya zo wurina ya biya wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa. Mutumin ya ce ƙura ce. Ya tsiyaya fetur a kan fanel, ya sa burushin fenti na roba ya goge, ya busa da bulowa. Da abin bai tashi ba, ya ɗauki ayan mai arha, marar wayar ƙasa, ya bi ƙafafun ayisi ɗaya bayan ɗaya. Gyaran gangar Auzinawa! Fetur ya cinye robar maɓallai. Da na canza dayod kwamfuta ta ga kibod ɗin, amma layi biyu sun mutu daga cikin ayisi, daidai ƙafafun da ya ƙona. Kuma ko na samo sabon ayisi daga Farm Centre, manhajar cikinsa tana hannun kamfani, ba a kasuwa take ba. Mai gyaran wayar ya karɓi kuɗin yaron kuma, har da ce masa kayan ne jabu.

Abin da ya fi ci mini rai, kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama masu haɗari tsakanin Isa da Sabon Birni. Yaro ya sa ransa a hanya don kibod, ni kuma na ce masa ba ya gyaruwa. Ya yi shiru, can ya ce, "To maigida, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ku masu shago, kafin hannu ya kai kan kibod ku taɓa ƙarfen taga ko ƙofar ƙarfe. Duk zama, duk tashi. Ku ɗauke ledar ƙasa daga Nuwamba zuwa Maris, siminti ko tabarmar kaba sun fi. Kujerar katako. A goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma safe da rana, a bar roba da ruwa a lungu nesa da soket. In za ku rufe kaya saboda ƙura, ku rufe da zanen auduga; leda ba ta taɓa fanel, ba a shago ba, ba a hanya ba. Na faɗa na ƙara, ba a kawo mini kaya cikin leda.

A kafa wayar ƙasa, ko sola kake ko janareto. Ƙasarmu rairayi ce, da rani tana bushewa ƙarfen wayar ƙasar ya daina aiki, don haka a riƙa zuba ruwa a gindinsa. Wanda kuma akwatin kwamfutarsa ke jan sa kullum ba tsayawa, nasa ba tartsatsin hunturu ba ne, wuta ce ke yoyo, kuma ita rai take ɗauka. Ya kashe, ya kira mai wayarin yau.

A zare wayar kibod kafin a cire maɓalli.

Ku kuma masu ayan da kwalbar fetur, ku ji tsoron Allah. Abin da ba ka auna da mita ba, kada ka ɗora masa wuta. In ba ka san aikin ba ka ce ba ka sani ba, ka tura shi gaba. Duk mai gyaran da kuka ga ya ɗauko fetur zai wanke muku fanel, ku karɓe kayanku tun bai buɗe kwalbar ba.