Ruwan Zafi a Ƙasar Sanyi: Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Filas Mai Lantarki

Duk wanda ya tashi a Babura, ko Kazaure, ko ƙauyukan Roni da Gwiwa, ya san ruwan zafi ba a samunsa sai an yi masa wahala. Idan hunturu ya kankama a watan Disamba da Janairu, tun kafin kiran assalatu uwa ta hura murhu da karan dawa, ta ɗora tukunya. Farkon ɗiba na alwalar maigida ne, sauran a sirka wa yara su yi wankan makaranta. Wanda ya yi makarantar kwana kuwa bai manta hita da bokiti ba, da yadda ake layi a kansu ranar da aka kawo wuta. A bakin tasha, tukunyar mai shayi ba ta sauka daga kan gawayi. Haka nan filas yana cikin abubuwan da ake dubawa a kayan ɗakin amarya. Da wannan tarbiyyar muke sauka ƙasashen waje, shi ya sa idan sabon zuwa ya shiga babban kanti ya ga na'urar da za a danna ta zubo da tafasasshen ruwa nan take, sai zuciyarsa ta kwanta a kanta. Ƙannenmu da suka zo karatu da 'yan'uwa mata da suka biyo mazajensu sun sha tambayata a kanta, kuma kusan kullum a watansu na farko.

Amsar da nake ba su ita ce su dakata, aƙalla har su ga ƙarshen sanyin farko. Ga dalilina.

Abu na farko, ɗan'uwa, gidan da ka kama ya riga ya ɗauke maka kashi mafi girma na wahalar. A Ingila, Jamus, Amurka da Kanada, ruwan zafi yana cikin famfo: ɓangaren da aka yi wa alamar ja shi ne mai zafi, mai shuɗi kuma na sanyi. Alwala, wanka da wanke-wanke duk sun fita daga lissafi. Sai dai ka kiyaye, ba a shan ruwan famfon zafi kuma ba a girki da shi. A tsofaffin gidajen Ingila yakan kwana a tanki, a Amurka kuma hukumomin lafiya na gargaɗin cewa ruwan zafi ya fi saurin narkar da darma daga tsofaffin bututu. Na sha da na girki, a famfon sanyi na kicin ake ɗiba. Abin da ya rage maka kenan shi ne ruwan shayi, koko, kunu, teba, taliyar yara da madarar jariri. A kan waɗannan kaɗai za a auna ko na'urar ta cancanci kuɗinta.

Iri uku za ka tarar. Akwai wadda nake kira filas mai lantarki, tana cin lita uku zuwa biyar, ta tafasa ruwa sannan ta riƙe shi da zafi dare da rana. Mutanen Japan ne gwanayenta. Kamfanonin Zojirushi da Tiger, dukansu na yankin Osaka, sun haura shekara ɗari suna sana'ar filas. Mai kyau a cikinsu takan kai dala 150 zuwa sama da 200 a Amurka. Akwai mai zuba kofi ɗaya, irin Breville HotCup da ake gani a Ingila, wadda ba ta ajiye ruwa da zafi, sai dai ta tafasa abin da ka nema cikin ƙasa da minti guda; kuɗinta bai kai na ta farko ba. Ta uku famfo ce da ake kafawa a wurin wanke-wanke, da ɗan tanki a ƙarƙashi, wadda kamfanin Quooker na ƙasar Holan ya yi suna da ita. Kuɗinta ya haura fam dubu. Wannan ka cire ta daga ranka muddin haya kake yi, domin sai an huda teburin kicin, kuma mai gida zai cire ɓarnar daga kuɗin ajiyar da ka ba shi ranar da ka kama gidan.

A gefensu duka ga butar lantarki ta talaka, fam 15 zuwa 20 a Argos ko Asda. Ita ce abokiyar takararsu, kuma ba ƙaramar abokiyar takara ba ce.

Mu yi lissafi irin na mita mai kati, wanda duk mun iya daga gida. Tafasa lita ɗaya na ruwan famfo yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit. A shekarun 2024 da 2025 yunit ɗaya a Birtaniya yana wajen kwabo 25, kwabon da ɗari ke yin fam guda. Kenan lita ɗaya ba ta wuce kwabo uku ba, kuma butar Ingila mai ƙarfin wat 3000 tana gamawa cikin minti biyu da ɗan ɗoriya. To ɗauki filas mai lantarki da ke jan wat 30 don kawai ta riƙe zafi. Wat 30 kamar ba komai ba ne, amma ba ta hutawa. A yini da kwana ta sha yunit 0.72, wutar da za ta tafasa lita bakwai. A shekara ta haura yunit 260, wajen fam 65, kuma wannan ban da wutar tafasawar kanta. Kana aji ko kana wurin aiki, kana barci, ita tana can tana ɗumama ruwan da ba mai sha. Masu tsadar da aka yi musu bango biyu irin na filas na gaske sun fi sauƙin ci, shi ya sa idan har za ka saya, ka nemi adadin wat na riƙe zafi a jikin kwali kafin ka kalli kyawun fenti. Abin da kake saye da wannan kuɗin dai minti biyu ne na jira. Ka tambayi kanka sau nawa a rana kake wannan jiran.

Sai maganar da ba za ka ji ta a bakin mai kanti ba, domin bai san koko ba. 'Yar'uwa, ke kin san kamu ba ya yin kauri sai ruwa yana tafarfasa a lokacin da aka sheƙa shi. Da ya ɗan huce, koko ya tsinke, ya fito da ɗanɗanon ɗanyen gari, sai an mayar da shi kan wuta. Haka kunun tsamiya, haka teba. Su kuwa waɗannan na'urori an ƙera su ne don masu shan ganyen shayi da gahawa, waɗanda wasunsu ba sa son ruwa ya kai ƙarshen tafasa. Irin na filas suna riƙe shi a digiri 80, 90 ko 98, kuma kafin ya bi ta bututu ya zubo siriri a roba mai sanyi, ya ƙara sauka. A sanyina na farko na sayi irin mai zuba kofi ɗaya, da kuɗin da ya kamata in ƙara in sayi rigar sanyi ta kirki. Ran da uwargida ta gwada dama koko da ita, ruwan yana zubowa kaɗan-kaɗan, kamun ya ƙi kamawa, muka zubar da kamun da aka sha wahalar kawo mana daga gida. Na ji zafin wannan asarar fiye da kuɗin na'urar. Dama koko yana son ruwa mai yawa a zuba lokaci guda, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa, kuma buta ce ke ba ka wannan. Shayin Buzaye ma da ake dafa ganye da sukari a ƙaramar buta har ya yi kumfa, ba ruwansa da na'ura. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ruwan garin da ka sauka ma yana da ta cewa. A Landan da kudu maso gabashin Ingila ruwa yana fitowa daga ƙasa mai farar ƙasa da alli, don haka cikin 'yan makonni za ka ga wani farin ɓawo kamar kanwa ya kama gindin buta. Ba ya cutarwa, amma yana ɓata ɗanɗanon shayi, yana rage wa na'ura ƙarfi. A buta abu ne mai sauƙi: ka zuba farin khal ko ruwan lemun tsami, ka tafasa, ka bari ya jima, ka ɗauraye. A na'ura mai injin turo ruwa da siraran bututu kuwa, ɓawon yana shiga inda hannu ba ya kaiwa, wasu kuma sai an riƙa canza musu matatar ruwa, kuɗin da ba a faɗa maka ranar saye. Wanda ke Manchester, Birmingham ko Glasgow ya huta, ruwansu ba ya yin wannan ɓawon sosai.

Yanzu maganar wuta, wadda ta fi kowacce jawo asara. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kuma soket ɗinmu mai ƙafa uku irin na Ingila ne. Haka Malesiya, Cyprus da Saudiyya, sai dai a wasu tsofaffin gidajen Saudiyya har yanzu akwai soket mai 127. Jamus da Faransa ƙarfin ɗaya ne da namu, bakin soket ɗin ne ya bambanta. Amurka da Kanada kuwa 120 suke, Japan 100. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a bakin fulogi siffar ƙafafun kawai yake canzawa, ba ya canza ƙarfin wuta. Butar da ka ɗauko daga Kano za ta yi ta jan jiki a Amurka kamar ba za ta tafasa ba. Filas mai lantarkin da ka saya a Amurka kuma, ranar da ka jona ta a Babura ranar za ta ƙone. Ina faɗin wannan ne saboda na san zuciyarmu: da yawa ba don kanmu muke son sayenta ba, don Hajiya ce a gida, mu ga ta huta da hura wuta da asuba. Niyyar mai kyau ce. Amma na'urar da amfaninta ya dogara da wuta ta kwana ta wuni ba za ta yi wa Hajiya komai ba a inda ake ɗauke wuta, idan kuma sola ce a gidan, abin ɗumama ruwa ne ke fara kwashe batir. Babban filas mai kyau, wanda zai riƙe zafi daga isha'i zuwa asuba, da ƙaramin murhun gas, sun fi yi mata amfani nesa ba kusa ba.

Ɗalibi kuma ya karanta dokar ɗakin kwanansa. Makarantu da yawa a Ingila da Amurka sun hana ajiye abin dafa ruwa a ɗakin barci, sai a kicin na kowa da kowa. A jami'o'in ƙasar Sin an saba hana kayan da ke jan wuta da yawa, amma a can shan ruwan zafi al'ada ce, za ka tarar da wurin ɗibar tafasasshen ruwa a ginin kwanan ɗalibai, har ma a cikin jirgin ƙasa. Filas kawai za ka riƙe.

Ban ce ba ta da amfani ga kowa ba. Gidan da ke da mutum shida ko bakwai, kowa da lokacin fitarsa, wani na aikin dare wani na sammako, na'urar ba ta zama banza, ruwan ba ya daɗewa a ciki. Haka gidan da ya zama masaukin 'yan gari, inda ba a raba falo da baƙi ranar Asabar da Lahadi, ko ɗakin taron ƙungiya da masallaci a watan azumi, lokacin da mutum talatin ke son shayi a minti ɗaya bayan an sha ruwa. Tsoho ko mai ciwon hannu da ɗaga buta cike ke yi wa wuya, shi ma danna maɓalli ya fi masa aminci. A Amurka kuma, inda buta ba ta wuce wat 1500 kuma takan ninka lokacin tafasa, hujjar sayenta ta ɗan fi ƙarfi.

Mai jego ta lura da wani abu. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana cewa a haɗa madarar gwangwani ta jariri da sabon ruwan famfo da aka tafasa, a bar shi ya huce bai fi minti 30 ba don kada ya sauka ƙasa da digiri 70, kuma kada a yi amfani da ruwan da aka taɓa tafasawa. Ruwan da ya kwana a na'ura bai cika wannan sharaɗin ba. Ga kuma yara masu rarrafe. Mu mutanen tabarma ne, a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke ajiye filas da kofuna. Lita huɗu na ruwa mai digiri 90 a inda yaro zai iya jan waya ba abin wasa ba ne, fatar yaro ba ta da kaurin ta babba. Ko buta ce ko na'ura, a ɗora ta can ƙuryar tebur, a naɗe wayar, idan tana da makulli a riƙa kulle shi.

Idan ka zauna wata shida ka ga lallai gidanka na bukatarta, to ka saya da natsuwa. Farashi yakan faɗi a ƙarshen Nuwamba da kuma bayan Kirsimeti. A Birtaniya, abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa, wanda ya zo da matsala kuma kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba ka garantin shekara biyu. Ka adana rasit da kwalin. Za a yi maka tayin ɗauka yanzu ka biya kaɗan-kaɗan, to kada ka fara rayuwarka a baƙuwar ƙasa da bashin abin dafa ruwa, alhali kuɗin haya da na ɗumama ɗaki suna jiranka a ƙarshen wata.

A gidana yanzu buta ce ta fam 18 da filas mai cin lita biyu. Kafin in kwanta nakan tafasa ruwa, in ɗauraye cikin filas ɗin da kaɗan don ya ɗau zafi, in cika shi in rufe. Da asuba, ko da sahur idan azumi ne, ruwan shayi na nan da zafinsa. Idan koko za a dama, uwargida ta juye shi a buta, kafin ta gama kwaɓa kamu ya tafasa.