Darasin Lafiyar Iyali: Tabon da Bai Kamata a Raina Ba

Melanoma sankara ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Mutane da yawa suna zaton cutar Turawa ce kaɗai, alhali kuwa tana kama baƙar fata. A jikinmu takan ɓuya a tafin ƙafa, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika, Bob Marley, daga yatsan ƙafa tasa ta fara, har ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Ku lura da tabo ko tawadar Allah idan:
1. Rabinsa bai yi kama da ɗaya rabin ba.
2. Gefensa ba ya tafiya daidai.
3. Launinsa gauraye ne.
4. Faɗinsa ya wuce milimita 6.
5. Yana girma, yana ƙaiƙayi, ko yana zubar da jini.

Haka kuma baƙin layi a farce mai ƙara faɗi, da gyambon tafin ƙafa da ya ƙi warkewa.

'Yan'uwa, kada a kai wa wanzami, kada a ƙona shi a gida. A tafi asibiti. In an gano da wuri, fiɗa kan raba mutum da ita.

Tambayar nazari: Wa ke duba tafin ƙafar tsofaffin gidanku?