Yadda Ake Farfaɗo da Cikin Tsohuwar Mota

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da wuya a sami gari a ƙasar nan da ba za a ga tsohuwar Peugeot 504 ba, wadda muke kira Fijo, an yasar da ita a gindin bishiya, tayoyi sun sace, kaji suna saka ƙwai a kujerar baya. Alhali kuwa wannan mota tana da tarihi. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, kuma a wannan shekarar aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna, inda aka ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000.

A dogon hutu na taya kawuna gyaran cikin tasa Fijon, shi ya sa na ga ya dace in bayyana muku abin da na koya. Babban darasin shi ne: daga ƙasa ake fara gyara, ba daga sama ba. Wanda ya shimfiɗa sabuwar leda a kan ruɓaɓɓen soso da ƙarfe mai tsatsa, kitso ya yi da ƙwarƙwata.

Da farko ya kamata mu san abokan gaban cikin mota. Su uku ne: rana, ruwa da ƙura. Rana tana busar da leda har ta yi tauri ta tsattsage, musamman saman dashbod. Ruwa yana shiga ta robar ƙofa ko ta robar gilashi idan ta tsufa, ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ya ci ƙarfen daben mota ba wanda ya sani. Ƙura kuwa tana shiga cikin ɗinki ta riƙa cin zare kamar sanfefa.

Kafin a taɓa komai, sai a cire wayar batir, a fara da mai alamar ragi. Dalili kuwa shi ne akwai wayoyin lantarki a bayan dashbod da ƙarƙashin kafet, sifana na iya haɗa wuta ta jawo gobara. Daga nan sai a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi. Kowane rukunin noti da kusoshi a zuba shi a gwangwani dabam, a rubuta masa suna. Kawu yakan ce mini, "Yaro, kwancewa aikin yini ɗaya ne, mayarwa ce take nuna mai hankali."

Kujeru ake fara fitarwa, sannan kafet, sannan kwalin jikin ƙofofi. Idan dabe ya bayyana, a nan ake sanin gaskiyar mota. Tsatsar da ke sama sama ana kankare ta da burushin ƙarfe da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bari ya bushe. In kuwa ƙarfen ya huje, sai mai walda, ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon falle. A kula sosai da wuraren da ake ɗaure kujera da bel, domin su ne ke riƙe mutum idan an yi hatsari. Kada a manta da toshe hanyar ruwan: a canja robobin da suka mutu, a buɗe ƙananan ramukan da ke gindin ƙofofi, waɗanda aka yi don ruwa ya riƙa fita. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: mutum ɗaya ya zauna a ciki, wani ya riƙa kwara ruwa daga waje.

Sai kuma kujera. Abu uku ne a cikinta: ƙarfe da sifirin, soso, da rigar da ta rufe su. A duba ko sifirin ya tsinke, a wanke layin da kujera ke gudu a kai, a sa masa giris. Soson da ya fara zuba kamar gari ya gama aiki. A sayi mai nauyi da tauri, domin mai laushin nan na araha ba ya daɗewa yake lotsawa, araha kuwa ba ta ado. Tsohuwar rigar kujera, komai yagewarta, kada a jefar. Mai kushin zai warware ɗinkinta, ya shimfiɗa kowane yanki a kan sabuwar leda ya yanka daidai da shi. Ta haka kujera za ta fito da siffarta ta asali. Ledar da ke da sauran ƙarfi kuwa, ruwan ɗumi da sabulu da burushi mai laushi sun ishe ta. Fetur da kananzir ɓata ta suke yi.

Wannan ya kawo mu ga wata ƙa'ida: abin da zai gyaru, kada a canja shi. Darajar tsohuwar mota tana ga kamanninta na asali. Marikin ƙofa, agogon gudu ko makunnin fitila, in sun lalace, a nemi irinsu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya fi a huda dashbod a liƙa na wata motar. Abu guda ne ba a yi wa kara, wato bel. Tun da Nils Bohlin, injiniyan kamfanin Volvo, ya ƙirƙiro bel mai ɗauri uku, aka fara sa shi a motoci a 1959, ya ceci rayuka masu yawa. Bel ɗin da ya fara tsefewa ba a ɗinke shi, sabo ake sawa.

Wajen mayarwa, ana fara da silin, sannan dashbod, kafet, kwalin ƙofofi, kujeru su zo ƙarshe don kada a ɓata su. Gam ɗin da ake amfani da shi ana shafa shi a fuska biyu, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a manna. Warinsa yana sa jiri, kuma yana kama wuta, don haka a yi aikin a sarari, nesa da murhu da mai shan taba. Bayan an gama, a riƙa ajiye motar a inuwa, a rufe dashbod da ƙyalle.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da kada mu raina sana'ar hannu. A wannan aiki akwai lissafin awo, akwai kimiyyar da muke karantawa a kan tsatsa da lantarki. Iyayenmu kuma, kafin ku sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar motar gida da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ku ɗaga kafet ku dubi dabenta. In yana da sauran ƙarfi, ku ba mu dama mu gwada. Allah ya sa mu dace, amin.