Itatuwan Ƙasarmu da Mazauninsu

In mutum ya tashi daga Kaduna ya nufi arewa, ya bi ta Zariya da Kano da Daura har ya kai Damagaram, zai ga daji yana sake kama a hankali. Can wajen Kaduna itatuwa dogaye ne, sun yi kusa da juna, gamba kuwa da damina takan ɓoye mutum a tsaye. Yana matsawa arewa itatuwa na raguwa, ciyawa na gajarta, har ya iske inda ƙaya ta fi ganye yawa.

Abin da ya kawo haka shi ne ruwan sama. A Kaduna ruwan da ke sauka a shekara ya fi milimita 1,000, a Kano wajen 800, a Damagaram kuwa wajen 400 kaɗai. Kowane itace yana da gwargwadon ruwan da yake so. Saboda haka waɗanda bukatarsu ta zo ɗaya su ke zama wuri ɗaya, kamar mutanen unguwa guda.

Unguwannin Daji

Dajin da matafiyin nan ya ratsa ya kasu uku. Na farko shi ne na kudu, inda doka ta fi yawa. Maƙwabtanta su ne maje da kawo da madobiya da kaɗanya. Galibinsu ɓawonsu kauri gare shi, don kowace shekara da rani wuta takan ci ciyawar da ke ƙarƙashinsu, ɓawon nan kuwa shi ke kare su.

Na biyu shi ne na tsakiya, watau ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato. Nan yawancin daji ya zama gonaki. Manyan itatuwan da kuke gani tsaye cikin gona, su kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da ɗinya, kakanninmu ne suka bar su da gangan sa'ad da suke sassabe, don sun san amfaninsu. A nan ne kuma gawo ya fi yawa. Shi gawo abin mamaki gare shi: da damina yakan kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore shar. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki.

Na uku shi ne na arewa, wanda ake kira Sahel. Nan aduwa take, da dakwara mai ba da ƙaro, da kandili da dashi da anza. Ganyensu ƙanana ne don kada rana ta tsotse ruwan jikinsu, saiwarsu kuwa takan tafi nesa neman laima. Cikin kwari akwai goriba, a kan tudu kuma ƙarangiya ce ta gaji gamba.

Ban da waɗannan uku akwai fadama. Ita tana da nata mazauna, kamar giyayya, wadda ba ta damu ba ko ruwa ya kwanta a gindinta wata da watanni.

Dangin Itatuwa

Zama unguwa ɗaya ba shi ne dangantaka ba. Itatuwa ma suna da dangi, kuma ana gane dangin ta wurin fure da 'ya'ya. Ku ɗauki ɗan ɗorawa da na tsamiya da na gawo da na bagaruwa ku jera su. Za ku ga duka kwanso ne mai ƙwaya a jere ciki, kamar wake. To, duk gidansu ɗaya da wake da gyaɗa. Haka nan goriba da giginya da dabino 'yan'uwa ne. Ɓaure da cediya da durumi da gamji su ma gida ɗaya ne, in kun karya ganyen kowanne farin ruwa kamar nono zai fito. Kuka kuwa, duk girmanta, danginta su ne rimi da auduga da rama da kuɓewa. Kun tuna da yauƙin miyar kuka da na miyar kuɓewa?

Tun da yake kowace al'umma da sunan da take kiran itace, sai wani masani mutumin Suwidin, sunansa Linnaeus, ya fito da wata dabara a shekarar 1753. Ya ba kowane tsiro suna biyu cikin harshen Latin, na farko na gidansu, na biyu nasa na kansa. Kurna ita ce Ziziphus spina-christi, magarya kuwa Ziziphus mauritiana. Da ganin sunan farko kun san 'yan gida ɗaya ne. A shekarar 1916 wani likita, J. M. Dalziel, ya buga littafi inda ya tara sunayen tsire-tsire na Hausa, ya haɗa kowanne da sunansa na Latin. Sunayen nan kuwa daga bakin mutanen ƙasa ya same su.

Waɗanda ke Neman Ƙarewa

Akwai wata ƙungiya ta duniya, ana ce da ita IUCN, wadda tun 1964 take rubuta sunayen halittun da ke raguwa. Tana sa kowanne a matakinsa: wanda ba a jin tsoro a kansa, da wanda ya raunana, da wanda ke cikin haɗari, har zuwa wanda ya ƙare ƙaƙaf. Kaɗanya da maɗaci da kawo duk suna matakin masu rauni. Madobiya kuwa tun 2018 an sa ta cikin masu haɗari.

Me ya sami madobiya? Katakonta ja ne, mai kyau da ƙarfi, attajiran ƙasar Sin suna sonsa ƙwarai don yin kujeru da gadaje. Sai aka faɗa mata da sara a dazuzzukan Taraba da Kogi da wasu wurare, ana loda gungume cikin jirgin ruwa. Makiyayin da ke ba shanunsa ganyenta da rani ya wayi gari ba ita. Abin ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi. Don haka daga 2017 ƙasashen duniya suka sa doka, ba a ƙetare iyaka da katakonta sai da takardar izini. A 2022 aka yarda a sa maɗaci da kawo cikin wannan doka.

Ita kaɗanya ba baƙo ne ke cin ta ba, mu ne da kanmu, wajen gawayi da sassaƙa turmi. Ga shi kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Mai gatari ya kayar da ita cikin yini guda, amma jaririn da aka haifa ran nan sai ya zama saurayi kafin wata ta maye gurbinta. Dogon yaro da muke shukawa yana da amfani, yana da saurin girma, amma baƙo ne daga Indiya, ba ya ba da man kaɗe, ba ya ba da kalwa.

Abin da Za Mu Iya Yi

Kada ku ce abin ya fi ƙarfinmu. A ƙasar Maraɗi, bayan fari ya ƙone ƙasa, manoma suka soma wata dabara wajen 1983, ana ce da ita sassabin zamani. In kututture ya yi toho cikin gona, ba a sare tohon duka. Manomi ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Da yake tsohuwar saiwa tana nan da rai a ƙasa, nan da nan tohon ya zama itace. An ƙiyasta ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka komo gonakin Maraɗi da Damagaram.

To, yara, ku ma kuna da naku aiki. Ku koyi sunan kowane itace na garinku daga bakin tsofaffi, gama abin da mutum bai san sunansa ba, ko ya ɓace ba zai lura ba. Kada ku cinna wa daji wuta don farautar gafiya. In an aike ku saso ɓawon maɗaci, ku ɗiba gefe ɗaya kaɗai, don itacen da aka kewaye da sassaka mutuwa yake yi. In kun ga ɗan tsiron kaɗanya ko ɗorawa a gonarku, ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa dajin Kaduna ya bambanta da na Damagaram?
2. Faɗi itatuwa huɗu da ke dangi ɗaya da wake.
3. Don me manoma ke son gawo cikin gona?
4. Yaya ake yin sassabin zamani?
5. Ka tambayi tsofaffin gidanku itatuwan da suka sani a da, waɗanda yanzu ba a ganinsu kusa da gari, ka rubuto sunayensu.